Mai Gyaran Rediyo

Shekara sha tara ina gyaran rediyo a Ƙofar Wambai.
Akwatin da ya yi shiru, in ya zo hannuna sai ya yi magana,
nakan san wayar da ta tsinke tun ban kwance noti ba.

Sai ga bazarar bana.
Zafi ya tare a ɗakinmu na Gwammaja kamar mai bin bashi,
mu bakwai, taga ɗaya, ba wuta tun Talata.
Hansatu ta ce kanta.
Na ce rana ce, na aiki Nafi'u kemis.
Ta kwana, ta wuni, ta sake kwana.
Da asuba ta ƙi kallon fitila,
wuya ya sandare kamar muciya,
haɓa ta ƙi sauka ƙirji.

Wata ta ce iska ce, a kawo garwashi.
Ɗanliti kuwa ya tada adaidaitarsa,
ko takalmi bai tsaya nema ba.

A Asibitin Zana suka lanƙwasa ta,
suka ɗebi ruwa a gadon bayanta.
Likitar ta ɗaga 'yar kwalba ga hasken taga:
abin da ya kamata ya fito garau
ya fito kamar ruwan wankin shinkafa.
Sanƙarau, in ji ta. Yau kwana nawa?
Na ce ɗaya.
Biyu ne.

Dare goma sha ɗaya ina ƙirga ɗigon ƙarin ruwa
kamar mai jan carbi.
Ran na sha biyu ta buɗe ido, ta nemi kunun gyaɗa.
Uwarta ta rangaɗa guɗa,
duk ɗakin ya waiwayo
ban da ita.

Yanzu takan biyo ni shago ran Asabar.
Ta ɗora tafinta a kan sifika,
in murɗa har ƙarshe, maƙwabta su yi haƙuri.
In kalangu ya shigo, sai ta yi murmushi,
ta ji shi da hannu.

Ni kuwa sai in ta duban kunnenta,
ɗan ƙarami, da ɗankunnen Sallar bara,
lafiyayye daga waje kamar sabon kaya.
Ba noti. Ba murfi.
Ba inda zan sa sukundireba.

Jiya wani ya kawo rediyonsa, ya ce
kwana ɗaya kacal ya bar ta a cikin ruwan sama.
Ban ce masa komai ba.