Abin da Ya Tashi

Can gefen hanyar Daura, bayan shingen waya,
jirage uku sun durƙusa
kamar raƙuman da aka sauke wa kaya aka manta.

Baba Mantau ne bai manta ba.
Tun asuba yana ƙarƙashin fiffike
da sifana mai lamba sha huɗu
da giris ɗin da fanshonsa ya saya.

Ƙaramin, in ji shi, feshin fari ya yi
shekarar da suka cinye geron ƙauyensu.
Na tsakiya wasiƙu ya ɗauka.
Babban kuwa, ba ya faɗa,
shafa shi kawai yake.

Jiya baƙi biyu muka yi:
yaron da ya biyo akuyarsa,
da ɗan gwangwan mai sikeli
yana taya fiffike a kilo.

Wata takwas ba albashi.
Littafin baƙi, gara ce ta sa hannu ƙarshe.

Yau da la'asar
muka mayar da sheƙar kurciya kan bedi,
ya ce, "Sada, ja baya."
Farfela ta yi tari, ta juya sau bakwai,
ta tsaya.

Hularsa ta haye shinge.
Ya bar ta, yana dariya:
"Ka gani? Wani abu dai ya tashi."