Gidan da Na Gina a Kwana Uku

Ni kafinta ne, shagona na Samaru,
tsakanin mai facin taya da mai sayar da gawayi.
Ran Talata Lantana ta zo, 'yar ajin ƙarshe,
da zane a takarda, biro a bayan kunne.
Ta ce, "Baba, gidan Amurka muke so
a dandalin makaranta, kafin Juma'a."

Na ce, Amurka ɗungurungum? Da katako nawa?
Ta ce falo kawai, da firji, da taga mai labule,
sai farin shinge gajere, iya gwiwa.
Na ce shingen da akuya za ta tsallake
me zai tsare?
Ta yi dariya. "Ba na tsaro ba ne, Baba,
na a gani ne."

Firjin da kwali na yi shi, fenti ya rufa asiri.
Matakalar bene na ba ta taki bakwai,
daga nan sai iska.
Na tambayi ina saman yake,
ta ce marubucin bai rubuta sama ba.

Daren wasan na zauna can baya, kan dakali,
ba rufi sai taurari,
jemagu na fita daga darbejiya.
Ɗana Sallau na gefena yana juya mini Turancin,
shi da digirinsa ke shekara ta uku a ƙasan akwati.

Ga maigidan, wani yaron Wusasa da aka yi wa furfura da hoda.
An sallame shi aiki tun wata huɗu, bai faɗa ba.
Kullum ya goge takalmi, ya ɗaure wuya,
ya ɗauki jaka, ya je ya zauna a mota
har lokacin tashi ya yi.
Matar na tebur tana lissafi:
gidan bashi, motar bashi,
kujerar da take zaune ma saura biya uku.
Maƙwabci ya leƙo ta kan shingena,
"Ya aiki?"
"Lafiya lau, ƙarin girma na nan tafe."
Haƙora a waje, su biyun.

Sallau ya ce a can tun daga shimfiɗa ake koya musu
cewa ƙofa a buɗe take ga kowa,
ka yi sammako, ka yi gumi, za ka shiga.
Na ce ai maganar ba laifi.
Ya ce saurari ƙarshenta:
wanda bai shiga ba, shi ya so.

Sai na ji tausayin mutumin ya kama ni.
Mu nan in ka faɗi, a ce ba rabo,
ƙanin uwarka ya aiko da tiyar masara.
Shi ko ya faɗi shi kaɗai,
a tsakar falo mai tsabta,
ba wanda zai ɗora wa laifi
sai mai goge takalmin nan.

Da ya fara hawa matakala
mutane suka yi tsit.
Ni ƙusar taki na biyar nake tunani,
na san ban buga ta da kyau ba.
Ta riƙe shi.
Ya kai na bakwai, ya ɗaga ƙafa,
aka kashe fitila.

Da safe muka je kwance gidan.
Sallau na zare ƙusa yana miƙe ta a kan dutse,
bai ce uffan ba sai wajen hantsi.
Ya ce, "Baba, duk da haka
zan je Kwangila in cike takardar bizar."
Na ce Allah ya sa a dace.
Me zan ce? Nan ma matakalar taki bakwai ce.

Shingen dai na kawo shi gida.
Uwarsa ta kewaye barkononta da shi,
ya yi kyau ƙwarai daga nesa.
Kwana biyu akuyar Malam Barau
ta tsallake.