Rumman a Jikin Ginshiƙi

A Khiva, inda gishiri ke tsatsowa daga ƙasa
kamar furfura a kan dattijo,
Usta Matyoqub ya kwantar da ginshiƙi a tsakar gida,
ya zauna masa da kurfi da ƙaramar guduma,
tabarau ɗaure da zare a ƙeya.

Ni ce Sanobar, jikarsa mai share ɓarɓashi.
Tun ina rarrafe nake jin ƙamshin ɗanyen katako
a rigarsa, a shayinsa, har a tarinsa na asuba.

Rumman ɗin da kakata ta dasa bakin rijiya
ya mutu shekarar da magudanar ruwa ta ƙafe.
Ba ta jira bazara ba, ta bi shi.
Kaka bai yi kuka a gaban mutane ba.
Ya dai wasa kurfi kwana uku.

Yanzu ga reshe yana hawa jikin icce,
ya lanƙwasa, ya haifi ganye, ganyen ya haifi wani reshe.
Na bi shi da yatsa in gano mafarinsa,
na zagaya sau bakwai, na dawo inda na tsaya.
Ya ce: kakan kakana ma ya nema, bai samu ba.
A hannun wani ya karɓa, yana tafe.

Baƙi kan zo da kyamara su tambayi ma'ana.
Sai ya ɗaga kafaɗa:
mai zama bakin hamada
dole ya ajiye lambu inda ƙishi ba ya kaiwa.

Jiya hannunsa ya yi rawa a kan ɗan rumman.
Ya dube shi, ya dube ni, ya miƙo kurfin.
Na buga, guduma ta zame,
ɓawon ya tsage gefe guda.
Na ji zuciyata ta faɗa rijiya.

Ya shafa tsagar da babban yatsa, ya daɗe.
Ya ce: bar shi, ai ya nuna ke nan.
Zuba masa 'ya'ya.

Na sassaƙa goma sha ɗaya, ƙanana, ba su yi daidai ba.
Gobe za a tayar da ginshiƙin ƙarƙashin rumfa,
ya ɗauki rufi a kansa,
yana fure ba damina,
bayan ni, bayan wadda za ta share nawa ɓarɓashin.