Ramin Kuza

Sun ba ni fili a bayan Bukuru,
suka ce: zana mana ɗakin karatu na kankare,
amma a fara cike wancan kududdufin,
tifa ɗari huɗu ta ishe shi.

Na je da sassafe da igiyar awo,
sanyin Jos na cizon yatsu.
Ruwan kore shar, ya yi tsit
kamar wanda aka hana magana a gaban manya.
Ba ambaliya ce ta haƙa shi ba,
diga ce, da shebur, da wuyan mutane.

Kakana Nomau an kawo shi nan daga Ƙaura
zamanin diban gwamna,
da taguwa ɗaya da bargon aro.
Ya yi dakon ƙasa a kwano
har gashin tsakar kansa ya tafi bai dawo ba.
Kuza ta hau jirgin ƙasa ta wuce teku,
rami ya zauna.
Bai taɓa ba mu labarin ba.
Tari kawai yake yi, mu kuwa muna ƙirgawa.

Ngo Kachollom na ban ruwan kabeji a gaɓa.
Ta dubi takardata, ta dubi takalmina,
ta ce: kafin rami, nan gonar accar kakana ce,
ga sauran shingen ƙyarana can, bai mutu ba.
Bayan rami, ruwan nan ya ci mana yara biyu,
shi ne kuma ya biya kuɗin makarantar shida.
To, 'yata, wanne za ki binne?

Daren nan na yaga zanen farko.

Na biyu bai hau sama ba, gangara ya yi,
hawa-hawa, yadda leburori suka yanka gefen ramin,
kowane bene na kallon ruwa ido da ido.
Na so in kwaɓa siminti da yashin da suka tace,
ɗakin gwaji ya ce a'a,
akwai dafi a ciki wanda ido ba ya gani.
Ashe ba duk gado ake sa wa a bango ba.
Sai na nemi jar marmara,
don kankaren ya fito da launin ƙasar da ta haife shi.
Katakon zubi daga itatuwan turaren
da aka dasa kan tsibin ƙasa don rufe kunya;
in an ɓamɓare, zanen jikinsu zai zauna.
Bango mai kauri ta gefen iska,
taga doguwa ta gabas, hantsi ya ɗumama mai karatu.
Katanga a bakin ruwa, daidai ƙirjin babba.
Ƙarƙashinta na bar kafa
inda tiyon Ngo zai wuce.

Rufin kuwa kwano ne, babba, a buɗe,
sai dai a wannan karon
ginshiƙai ke ɗauka.

Shugaban kwamiti ya juya takardar sama da ƙasa:
Ina gilashi? Ina tayil?
Mu fa irin na Abuja muka ce.
Na ce: ranka ya daɗe, lissafa kuɗin tifa ɗari huɗu.
Ya lissafa. Ya sa hannu.
Ban gaya masa zancen Nomau ba.

Ranar zubin dandamalin ƙofa,
Choji birkila ya ce mini kankare ba ya mantuwa,
abin da ya taɓa shi da ɗanye, shi ke nan har abada.
Bai rufe baki ba sai ga Ngo da tulin kabeji a ka,
ba takalmi, ta bi hanyarta ta kullum,
taku uku cikin ɗanyen siminti.

Choji ya ɗaga cokalin gini zai shafe.
Na riƙe masa hannu.