Kwalbar da Aka Manta a Taga

Ƙarfe biyun dare aka kawo ta
a kan kabu-kabu daga Garin Malam,
ƙanenta na tallafe da ita ta baya.
Barira. Tela ce.
Akwai guntun jan zare maƙale a gefen zanenta.

Na ce, ina ne?
Ta ɗora tafi a cibiya,
ta zagaya da shi kwiɓi, ta kai baya,
kamar mai sharar tsakar gida.

Na danna. Laushi, kamar ƙullun da ya kwana.
Ciki mai wannan ihu
ya kamata ya yi taurin duwatsun Birni,
amma nata bai ƙi hannuna ba.
Sai tabo a dama, tsawon ɗan yatsa:
bara waccan an yanka,
an cire 'yar hanjin da ake zargi,
aka tarar ba ta da laifin komai.

Na ƙwanƙwasa ƙofofin da na sani.
Ba ciki ba ne a wajen mahaifa.
Ba tsakuwar ƙoda ba, ba hanji ya murɗe ba,
taifot bai huda ko'ina ba.
Har leɓenta na ɗaga
ina neman shuɗin layin dalma a dasashi.
Hoto ya fito fes.
Jini ya ce gishiri ya ɗan yi ƙasa, ya yi shiru.

Dare na uku ta fara gaida mutane a jikin bango.
Kofi ya suɓuce mata,
hannun da ke juya almakashi tun tana shekara tara.
Uwarta ta ce iska ce, a ba su ita su tafi.
Wani abokin aiki ya ce allura kawai take so.
Ni ban ce komai ba,
kuma shirun nan shi ne ya fi ba ni kunya.

Da la'asar Baba Kiyari mai shara
ya jingine tsintsiya a ƙofata:
Likita, wa ya bar zoɓonsa a taga?

Fitsarinta ne na safe.
Wuta ta ɗauke a ɗakin awo, aka ajiye, aka manta.
Da hantsi ruwan ɗorawa ne.
Ranar Damagaram ta zauna a kansa wuni guda,
ya koma ja mai duhu.

Sai rabin shafi ya taso mini
daga wani aji a Yamai, shekara sha huɗu baya,
ranar da nake gyangyaɗi: forfiriya.
Hanta na ɗinka launin jini ɗinki-ɗinki,
in allura ɗaya ta karye a hanya
ƙyallaye su taru,
su bi jijiyoyi suna ƙuna.

Na koma gadonta da tambayoyin
da ya kamata in yi tun daren farko.
Kwana shida tana ramuwar azumi.
Ta sha ƙwayar barci daga mai tebur.
Uwar ta sunkuyar da kai:
ƙanwarta ma, a Mirriya,
ciwon ciki da sambatu,
an binne ta da sunan iska.

Na soke rabin magungunan da na rubuta da hannuna.
Muka rataya ruwan sukari, leda bayan leda.
Ainihin maganin yana ƙasar da ban taɓa zuwa ba.
Wata kwalbar muka naɗe da baƙar leda
kada haske ya taɓa ta,
muka ba motar Yamai.
Har yau amsa ba ta dawo ba.

Kwana biyar, ta nemi kunu.
Da hannu biyu ta riƙe kofin, yana rawa,
bai zube ba.
Ta dube ni ta saman bakinsa ta ce,
to azumi huɗun da ya rage mini fa?