Saƙon Ɗantani

Hajo ta same ni a bakin ruwa, Yelwa,
ina fafe cikin jirgi tun hantsi.
Ta ce, "Kaka, ajiye gizago,
Baba Ɗantani ya aiko daga Japan."

Ɗantanin da ya tafi saro injinan mota,
yaron da ko wanke ƙafa zai yi a Kwara
sai an riƙe masa hannu.

Na goge ido da bakin riga.
Ruwa ne, amma ba shi da tsallake,
na nemi gaɓar can na rasa.
Rairayi baƙi kamar tokar kara,
taguwa na tasowa tsayin rumbu,
ga wani saurayi tsaye bisa allo,
ba filafili, ba gora, ba taru,
ya haye ta kamar ya san uwarta.
Ya faɗi. Ya ɓullo yana dariya. Ya koma.

Na ce, "Me yake kamawa?"
Ta ce, "Ba komai."
Shekara sittin ina shiga ruwa,
ban taɓa shigarsa don ba komai ba.

Ta shafa gilashin da yatsa.
Sai ga maza da farar ɗamara, ƙirji a waje,
sun saɓo ɗan ɗaki mai rufin zinariya
suna gudu da shi cikin kumfa,
ruwa har ƙugu, baki ɗaya, numfashi ɗaya.
Wai abin bautar kakanninsu ne a ciki,
shekara-shekara sukan kai shi gaɓa
ya gaisa da danginsa.

Na yi a'uziyya, yadda ya kamata.
Amma kafaɗata ta dama ta motsa.

Ni ma na taɓa saɓa ɗaki cikin ruwa.
Shekarar da aka datse Kainji
ruwa ya hau gungunmu sannu-sannu,
kamar baƙo mai kunya,
ya ci albasa, ya ci turke, ya leƙo murhu.
Muka ɗaga jinkar Inna Kulu, mu tara,
ni ne ƙarami, ruwa har wuyana.
Ba ganga. Ba mai ɗaukar hoto.
Dutsen da tsofaffi ke yi wa yanka
ba wanda ya iya ɗaga shi.
Yana can ƙasa, kusa da kabarin kakana,
giwan ruwa na kewaya su.

Su sukan kai nasu ruwa, su komo da shi gida.
Mu namu, ruwan ne ya biyo shi har gida.

Hajo ta ce, "Me zan ce masa?"

Ce masa Rigata ta kusa, jirgin bai ƙare ba.
Ce masa ya daina tsayawa nesa da gaɓa,
na ga hoton na rawa, na san tsoro ne.
Kuma ya tambayi yaron nan
da wane itace aka sassaƙa allon,
kamu nawa ne tsawonsa.
Akwai guntun maɗaci da ya rage mini,
ruwanmu ma yakan yi tozo in iskar bazara ta taso.

Hajo ba ta rubuta ba tukuna.
Guntun maɗacin take kallo,
tana auna shi da tafin ƙafarta.