Ma'aunin Ruwa

Shekara talatin da huɗu ina auna ruwan sama
a gefen filin jirgin Tawa,
ƙarfe shida na safe, daga ni sai kwalba da biro.
Yau ga ni da igiyar guga a hannu
ina auna gadon Zuwera,
ko zai shiga ɗakin da muka kama a Wadata.
Bai shiga ba. Ɗani ɗaya ya hana.

Ɗaki bakwai muka gina a Geben Zogi,
ba a rana ɗaya ba:
duk haihuwa sai in ciwo bashin siminti.
Yanzu biyar a kulle suke,
gara kaɗai ke kwana ciki, da ƙasa take biyan haya.
Mutari na Arlit, Balkisa na Yamai,
auta ya ce Abijan ta karɓe shi.
Muryoyinsu na zuwa ta waya ran Juma'a,
murya kuwa ba ta share tsakar gida,
ba ta hawa soro ta toshe yoyo.
Kuɗin fansho kamar ruwan farkon damina,
kullum ido na gabas.

Mai sayen ɗan kasuwar albasa ne daga Galmi,
yaro mai ladabi. Ya tuɓe takalmi tun daga zaure,
ya ce Baba, ya ce Inna,
sannan ya ƙwanƙwasa bangon ɗakin da uwata ta cika
ya ce nan zai fasa ƙofar mangaza.
Na ce to.
Me zan ce? Ya biya.

Rabon kaya ya fi rabon gado ciwo,
don mai kayan na tsaye yana kallo.
Tukunyar suna mai cin tiya goma
ta ƙetara katanga, gidan Habsu.
Tabarmi sun tafi masallaci.
Keken ɗinkin da ya daina ɗinki tun kafin auren Mutari,
Zuwera ta dafa shi ta ce sai dai a bar su tare.
Aka ɗora shi a amalanke,
ta bi shi a ƙasa har Wadata, hannunta a kai.

Saura kundayena, kwali guda.
Ta ce wa zai karanta ruwan da ƙasa ta riga ta shanye?
Na buɗe ɗaya don in ba ta gaskiya:
sha tara ga Agusta, milimita arba'in da ɗaya,
a gefe da jan biro, an haifi Balkisa, katangar yamma ta faɗi.
Na buɗe na shekarar fari,
sifili, sifili, shafi na bin shafi,
a gefe, ta sayar da awarwaronta, ba ta san na sani ba.
Na rufe. Ta ga yadda na rufe.
Ta ce a kai shi inda gadon ya ƙi shiga.

Lemun tsamin bakin rijiya
ban yi masa sallama ba.
Na dai gaya wa yaron, ba ya son ruwan wanki.
Ya ce insha Allahu, idonsa na kan waya.

Daren farko hadari ya taso daga gabas.
Rufin kwano ne, ba ya rufa wa ruwa asiri,
ɗigo ɗaya sai ka ce goma.
Na lalubi gwangwanin tumatir cikin duhu
na ajiye tsakar gidan da taku huɗu ke ƙarewa.

Da asuba na tsoma yatsa: gaɓa ɗaya da rabi.
Na ce ko nawa aka samu can gida?
Zuwera na hura gawayi, ba ta ɗago ba.
Ta ce wane gida, Malam?
Tsakanin nan da can ai bai kai a raba hadari ba.

Ban sami takarda kusa ba.
A bayan takardar cinikin na rubuta.